Sunana yana jikin bango, shin labarin nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina rubuta labaran ban tsoro ina sayarwa ta WhatsApp. Yanzu wani kamfanin labarai masu zane ya nemi in riƙa rubuta musu suna biyana a kan kowane shafi, kuma suna so in shigo da wata aljana da na ƙirƙira tun littafina na farko. Sun ce sunana zai fito a bango, ƙawayena ma sun ce tunda da sunana a jiki ba wanda zai ƙwace. Amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki karɓi aikin, amma ki bar aljanarki a gida tukuna.

Akwai wata marubuciya a Amurka, Nancy A. Collins, wadda ta bi irin hanyar da kike shirin bi. A 1989 ta fitar da littafinta na farko, Sunglasses After Dark, ya ci kyautar Bram Stoker ta marubutan labaran ban tsoro, kuma a ciki ta ƙirƙiri Sonja Blue, mai shan jini da ke farautar 'yan'uwanta masu shan jini. Daga 1991 zuwa 1993 kamfanin labarai masu zane na DC ya ɗauke ta tana rubuta musu labarin wani dodo mai suna Swamp Thing. Sunanta na jikin kowace fitowa da ta rubuta, amma Swamp Thing na DC ne, da ta gama wani ya ɗora. Aikin ƙwadago ta yi, aka biya ta. Sonja Blue kuwa a hannunta ta zauna, ta ci gaba da rubuta littattafai a kanta, daga baya ma ta mayar da labarin zane da kanta.

Maganar ƙawayenki ita ce ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. Suna a bango shaida ce kawai ta cewa ke kika rubuta. Wuƙa da nama suna hannun wanda takarda ta ce shi ne mai abin. Dubi Marv Wolfman. Shi ya daɗe yana rubuta wa kamfanin labarai masu zane na Marvel The Tomb of Dracula, kuma a fitowa ta 10, a 1973, shi da mai zane Gene Colan suka fito da wani jarumi mai farautar masu shan jini, Blade. Ba ɗan koyo ba ne, har babban editan Marvel ya taɓa zama. A 1998 aka yi fim ɗin Blade, Wesley Snipes ya fito a ciki. Wolfman ya je kotu yana cewa nasa ne, a 2000 kotu ta ba Marvel gaskiya. Har gobe ana ambatonsa a matsayin wanda ya ƙirƙiri Blade, amma ba shi da ikon sayarwa ko hana kowa taɓa shi. Idan mutumin da ya zauna kujerar edita ya sha wannan, ina ga wadda aka turo wa takarda a waya ta danna "na amince" ba ta karanta ba?

Kuma don Allah a daina sauraron masanan dandali da ke cewa rubuta "ban yarda a juya mini labari ba" a saman shafi ya isa kariya. Wannan gargaɗi ne ga ɓarawo. Ba ya soke abin da kika sa wa hannu da yardarki. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, da kin rubuta labari ya zama naki ko ba ki yi rajista ba, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce. Ashe ke nan sa hannunki ne ƙofar, ke ce kuma mai buɗe ta.

Ki nemi takardar yarjejeniyar, ki duba inda aka ce duk wani jarumi ko jaruma da ya fito a aikin ya zama na kamfani. Idan suna son aljanar, a rubuta cewa aro ne, na shekara kaza, na littafin zane kaɗai, ban da fim, ban da fassara. Idan sun ƙi, ki ƙirƙira musu wani dodo sabo wanda ba za ki yi kukan rabuwa da shi ba. Kafin ki sa hannu ki kai wa lauya ya karanta, ki kuma adana tsoffin shafukan littafinki na farko da ranakun da kika fitar da su.