Yadda aka ci zaɓen 2023 ba tare da rabin ƙuri'u ba

Malam, ka tambayi yadda Tinubu ya hau mulki alhali bai samu rabin ƙuri'u ba. Ai tsarin mulkinmu bai ce sai rabi ba. Sashe na 134 abu biyu yake nema: ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Tinubu ya tashi da miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, yawanci daga Kano. Haɗa na mutum ukun nan, sun zarce nasa nesa ba kusa ba. A ganina rarrabuwar kan 'yan adawa ce ta share masa hanya. Batun ko dole sai an samu kashi 25 ɗin a Abuja kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke a Oktoban 2023 cewa matsayinta ɗaya da sauran jihohi.