Ka aika masa lambar ɗalibi, shi ya je ya ɗauko

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu ba ce.

Ga ƴan'uwa da ba su gani ba: yana gina wa wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram manhaja da Flask, wato kayan gina shafin intanet da yaren Python. In an shigar da sakamakon jarrabawa ko kuɗin makaranta, yana so saƙo ya tafi salular iyaye a bayan fage ta hanyar Celery, manhajar da ke jera ayyuka a layi wani shiri da ake kira ma'aikaci ya riƙa yin su, kada sakatare ya zauna yana kallon shafi na juyawa. Da ya kira model ɗinsa, wato abin da ke wakiltar ɗalibi daga rumbun bayanai, cikin aikin, sai ya samu "Working outside of application context". Wani ya ce masa ya sa `app.app_context().push()` a saman fayil. Kuskuren ya ɓace, amma yanzu saƙon yana fita da tsohon lissafi, wani lokacin ma ma'aikacin ya ce babu ɗalibin, alhali ga shi nan zaune cikin rumbun bayanai.

To, an gudu ba a tsira ba. Wanda ya ba ka shawarar `push()` ya rufe wa kuskuren baki ne kawai.

Ma'aikacin Celery ba ɓangaren shafinka ba ne, ko da fayil ɗaya suke karantawa. Shiri ne daban da ke gudana shi kaɗai, da ƙwaƙwalwarsa, bai taɓa ganin wata buƙata daga burauza ba. Shi Flask, duk buƙatar da ta shigo sai ya buɗe mata mahalli, wato "application context" ɗin da kuskuren ya ambata, ta gama ya rufe. Flask-SQLAlchemy kuma, mai haɗa Flask da rumbun bayanai, tun fitowar 3.0 a 2022, yana ɗaure `db.session`, wato zamanka da rumbu, ne a jikin wannan mahallin, kuma lokacin rufewa ne yake share shi ya mayar da haɗin rumbu inda ya aro. Kai ka buɗe mahalli ɗaya tun tashin ma'aikaci ba ka rufe ba, ke nan zama ɗaya ne da rumbu tun safe har dare. Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukowa yana iya kasancewa riƙe a hannunsa da tsohon bayaninsa. In MySQL kake amfani da shi abin ya fi muni, domin a tsarinsa na asali, karatun farko da ka yi cikin zama shi ke tsayar maka da hoton rumbun, kuma shi za ka yi ta gani har sai an yi `commit` (tabbatar da rubutu) ko `rollback` (soke shi). Sakatare ya gyara kuɗi da ƙarfe goma, ma'aikacinka na nan yana kallon rumbun ƙarfe takwas. Kuma ranar da rubutu ɗaya ya faɗi a tsakiya ba a yi `rollback` ba, duk ayyukan da ke bayansa sai su bi shi da `PendingRollbackError` har sai ka kashe ma'aikacin ka tayar.

Gyaran wannan ba shi da tsawo, yana ma cikin littafin jagorar Flask ɗin kansa. Ka gaji ajin `Task` na Celery, cikin `__call__` ka rubuta `with app.app_context(): return self.run(*args, **kwargs)`, ka ba Celery wannan ajin a matsayin `task_cls`. Kowane aiki ya buɗe nasa, ya rufe nasa. In ka ci karo da fayiloli suna kiran juna a zagaye, ka fitar da `db = SQLAlchemy()` zuwa fayil nasa shi kaɗai, ka kira `db.init_app(app)` cikin `create_app`, ayyukan kuma ka yi musu alama da `shared_task`. Shi ke nan, wannan ɓangaren ya wuce.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne abin da kake miƙa wa aikin. A hoton da ka turo na ga kana ƙoƙarin tura ɗalibin ɗungurungum, da ya ƙi sai ka mayar da shi ƙamus mai suna da lambar waya da bashin da ake binsa. Ƙin da ya yi gata ne ya yi maka. Tun Celery 4.0 suka bar pickle suka koma JSON a matsayin hanyar asali ta naɗe abin da ake miƙa wa aiki, shi ya sa model ba ya wucewa. Ko da ka tilasta ya wuce, zai isa can ba shi da zaman da ya haife shi, ka taɓa `dalibi.aji` ya jefo maka `DetachedInstanceError`. Ƙamus ɗin kuwa ya fi haɗari, don shi ba ya kuka. Kamar ka ba masinja hoton shafin rajista da aka ɗauka da safe ne, maimakon ka ce masa je ofis ka duba lamba 214. Kafin layi ya zo kansa, uban yaron ya riga ya zo ya biya, saƙo kuma ya tafi yana cewa ana binsa jaka ashirin. Ka tura `dalibi.id` kawai. Cikin aikin ka yi `db.session.get(Dalibi, lamba)`, in ya dawo da `None` ka fita salin-alin, wataƙila an goge shi ne. In ya samu, ka sake duba ko har yanzu akwai bashin kafin ka aika komai.

Sai zancen "babu ɗalibin alhali yana nan". Na tabbata in ka duba za ka ga `.delay()`, mai tura aikin layi, yana sama da `db.session.commit()`, ko kuma ka yi `flush()` don ka samu lamba ka tura nan take. Redis, mai riƙe layin ayyukan, ya fi ka sauri. Ma'aikaci ya karɓi lambar, ya je rumbu, rubutunka bai tabbata ba tukuna, shi kuma ba ya ganin abin da ba a yi wa `commit` ba. Da ka buɗe rumbun da hannunka daƙiƙa biyar bayan haka sai ka tarar da ɗalibin, ka fara zargin kanka. Abin haushin ma, ba kullum yake yi ba: yau lafiya, gobe ya faɗi, gwargwadon wanda ya riga wani. Ka sauko da `.delay()` ƙasan `commit()`. Kada ka sa `countdown` na daƙiƙa biyu ka ce ka warware, ranar da sabar ta yi nauyi biyun ba za su isa ba.

Ƴan Django da ke tare da mu, ku ma kuna da irin wannan, musamman in kun kunna `ATOMIC_REQUESTS`. Maganinku `transaction.on_commit`, yana nan tun Django 1.9, kuma Celery 5.4 ya kawo `delay_on_commit` don rage rubutu. In kuma kun rubuta shiri mai zaman kansa ya ce "Apps aren't loaded yet", `django.setup()` ne ba ku kira ba.

Akwai wani abu da littattafan turawa ke ambata a gefe, mu kuwa nan shi ne rayuwarmu: aiki ya yanke a tsakiya. Na taɓa gadon wata manhaja irin taka, sabarta kwamfuta ce ƙarƙashin teburin darakta, batirin ajiyarta ya gaji da zafin watan Afrilu. Aiki ɗaya ne ke zagaye duk iyayen makarantar yana aika saƙo, sai a ƙarshe ya rubuta cewa an aika. Wuta ta ɗauke ana tsakiya, ta dawo, aikin ya faro daga farko. Washegari ga wani dattijo ya faka babur a bakin ƙofa, ko hula bai gyara ba, ya miƙa wa sakatare salula, saƙon bashi iri ɗaya jere har uku, yana tambaya ko sau uku ake so ya biya. Kuɗin saƙonnin kuma daga aljihun makaranta suka fita.

Saboda haka kada ka rubuta aiki da zaton sau ɗaya zai gudu. A tsarin Celery na asali, ma'aikaci yana cewa "na karɓa" kafin ya fara, in ya mutu a tsakiya aikin ya ɓata. In ka kunna `acks_late` aikin ba ya ɓata, amma yana iya maimaituwa. Da Redis ma akwai wani tarko: aikin da ba a tabbatar da shi ba cikin awa ɗaya, sai a sake miƙa shi ga wani. Ni abin da nake yi, tebur guda na saƙonni, kowane saƙo layinsa, da matsayinsa: yana jira, ana aikawa, an aika. Aiki ɗaya saƙo ɗaya. Ya kulle layin da `with_for_update()`, in ya ga ba "yana jira" ba ne ya juya abinsa, in shi ne ya mayar da shi "ana aikawa", ya yi `commit`, sannan ya kira kamfanin saƙo. Lura da wannan jeri. Kada ka riƙe kulle a rumbu kana jiran amsa ta intanet, ka san yadda layinmu yake in ya ga dama, sakatare zai zo gyara wannan layin ya tsaya cak bai san dalili ba. Waɗanda suka maƙale a "ana aikawa" kuwa, na fi son mutum ya duba su da ido ya yanke hukunci, da a ce manhaja ta sake aikawa da kanta.

Haɗin rumbu ma yana da nasa halin. MySQL yana yanke haɗin da ya yi awa 8 ba a taɓa shi ba, makaranta kuma tana tashi da rana, sai aikin farko na safe ya faɗi da "MySQL server has gone away". Ka sa `pool_pre_ping` cikin `SQLALCHEMY_ENGINE_OPTIONS`, zai gwada haɗin kafin ya ba ka. Sannan kada ka taɓa rumbu lokacin tashin manhaja, irin `db.create_all()` cikin `create_app`. Celery yana haifar ƴaƴansa, ƙananan ma'aikata, ne da `fork`, wato ya kwafi kansa, in uwar ta riga ta buɗe haɗi duk sai su gaji guda ɗaya suna magana a kai lokaci guda, kurakuran da ke fitowa daga nan ba su da kai ba su da gindi. In dole ne, ka kira `engine.dispose(close=False)` a siginar `worker_process_init`.

Ba ka faɗi rumbun da kake amfani da shi ba. In SQLite ne, yanzu da marubuta suka zama biyu za ka fara ganin "database is locked", domin mutum ɗaya yake bari ya yi rubutu a lokaci guda. Na gwaji ya isa, amma kafin a buɗe makaranta ka koma PostgreSQL. Kuma zan faɗa maka ra'ayina ko ba ka tambaya ba: makaranta ɗaya mai ɗalibai ɗaruruwa, in kana da teburin saƙonnin nan, ƙaramin umarni na `flask` da cron, mai tayar da umarni a kan lokaci, ke tayarwa kowane minti ya kwashe masu jira zai yi maka aikin, ba Redis ba Celery, kuma wanda zai gaje ka zai gane shi. Tunda ka riga ka kafa Celery ba na ce ka rushe ba.

Na ga alamar Windows a hoton naka. Celery ya daina tallafa masa tun 4.0, don haka in ma'aikaci na karɓar aiki yana shiru, ka tayar da shi da `--pool=solo` wajen gwaji. Ka gyara mahallin da wurin `.delay()` tukuna, in wani abu ya rage ka turo kuskuren gaba ɗaya a rubuce, daga layin farko, ba hoton rabin allo ba.