Mayar da Hilux ɗakin kwana: a je sikeli kafin a je wajen mai walda

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa famfon sola a rijiyoyin burtsatse, kuma aiki yana kai ni ƙauyukan Jigawa, Yobe da Bauchi, wani lokaci har ƙasar Damagaram. A shekara ba na yin wata uku cikakku a gida. Kuɗin masauki ya ishe ni, wasu garuruwan ma babu masaukin. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai ƙofa huɗu, mai shan fetur. Ina so mai walda ya gina mini ɗakin ƙarfe a bayanta, in sa katifa, tankin ruwa na lita 200, ƙaramin janareta da na'urar sanyaya ɗaki, ni da yarona mu riƙa zama a ciki. Mece ce shawararka? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa sana'a albarka. Abin da kake nufi mai yiwuwa ne, kuma motar da ke hannunka ta dace da shi, domin babu garin kirki a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar da za ka rasa makaniken da ya san cikin Hilux. Amma yadda ka tsara ginin zai karya motar, kuma abu ɗaya daga cikinsa yana iya kashe ku kuna barci. Saboda haka ka dakata da mai walda tukuna.

Kowace a-kori-kura tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yanke mata. Ka duba jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin bonet, za ka ga ɗan faranti ko takarda mai ɗauke da lambobi. Wanda aka rubuta wa GVM ko GVWR shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta: mai, mutane, kaya, har butar alwala. Ka cika tanki, ka kai ta sikelin manyan motoci, irin na masana'antun shinkafa ko wuraren fasa dutse, a auna ta babu kaya. Abin da ya rage idan ka cire nauyin da sikeli ya nuna daga lambar GVM shi ne jarinka, wato nauyin da za ka iya ɗora mata. A Hilux mai ƙofa huɗu yakan kama tsakanin kilo 800 da 1,000.

To mu ƙiyasta abin da ka lissafo. Ɗakin ƙarfe irin wanda masu waldarmu suke yi, da bututu mai kauri da faranti, da wuya ya gaza kilo 400. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ka ga kilo 200 ke nan, ban da tankin. Kai da yaronka kilo 140 ko 150. Janareta da na'urar sanyi ka ba su 80. Mun wuce 800 ke nan, alhali ba mu ɗauki famfo ko ɗaya ba, ba mu ɗauki faifan sola na masu aiki ba, balle igiyoyin wuta, akwatin kayan aiki, safaya ta biyu, abinci da katifa. Wato ɗakin ya cinye wurin sana'ar da aka gina shi dominta.

Na san abin da za a ce maka a gareji: a ƙara ganyen sifirin biyu, shi ke nan. Ƙarin sifirin yana hana bayan mota zama, ido ya ga kamar lafiya lau. Birki kuwa yana nan yadda yake, haka boris, haka tayoyi, haka shasi. Na taɓa ganin mai ƙofa huɗu da shasinta ya lanƙwashe daidai tsakanin gidan direba da bodi, har bodin ya ɗaga baki kamar an taka shi daga baya. Dalili shi ne a irin wannan mota yawancin bodin yana bayan tayoyin baya ne. Duk nauyin da aka tara can ƙurya, da an faɗa rami, sai ya riƙa ɓanɓarar shasin kamar mai ɗaga dutse da ƙarfe, gaban motar kuma ya yi sako-sako, sitiyari ya rage kama ƙasa. Don haka abu mai nauyi, ruwa da batir da akwatin ƙarfe, wurinsa ƙasa-ƙasa, manne da bayan gidan direba. Katifa da tufafi su ne na sama da na baya. Kada kuma ka bari kowa ya yi walda ko ya huda rami a jikin shasi. A ɗaure komai da noti a jikin bodi.

Sai maganar tsawo, wadda mutane ba sa tunawa sai an gama gini. Bodin mai ƙofa huɗu bai fi mita ɗaya da rabi ba. Babban mutum ba zai miƙe ƙafa a ciki ba sai an sauke murfin baya. Mai ƙofa biyu ce take da sama da mita biyu. Tunda ba sayar da taka za ka yi ba, ni abin da zan yi shi ne: a kafa firam mara nauyi a kan bodin, na alminiyam idan aljihu ya kai, ko siririn bututu, tsayinsa kada ya wuce rufin gidan direba. A samansa a ɗora tantin da ake naɗewa, mai tagogin raga ta kowane gefe. Na kanti yakan kai kilo 50 zuwa 80, kuma masu haɗe-haɗe na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za su iya yi maka makamancinsa da filawud da tamfol mai kyau idan ka nuna musu hoto ka tsaya a kansu. A ƙarƙashi kuma a rufe da ƙofofi masu kwaɗo, wurin ya zama rumbun kaya mai durowoyi biyu. Kwanan sama yana raba ka da kunama da maciji da laimar damina, kuma iska ta fi kaɗawa can. Idan ba ka ɗaukar fasinja, cire kujerar baya ka shimfiɗa katako. Nan ne wuri mafi sanyi da rashin ƙura a motar, nan firji da batir da takardu za su zauna.

Akwatin ƙarfe a rana ta watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Nguru ko Haɗeja, tanda ce. Yana shan zafi yini guda, ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Shi ya sa tunaninka ya tafi kan na'urar sanyi, ita kuma ta jawo janareta. A nan ne nake roƙonka da girman Allah. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Sau nawa muka ji an rasa iyali guda a ɗaki saboda wannan? Janareta a gindin mota, ku kuna rufe a sama, iska ta juya, magana ta ƙare. Haka barin injin motar a kunne don a sha sanyi, haka shigar da kaskon gawayi cikin tanti da hunturu. Sanyin Disamba da Janairu bargo biyu da hular sanyi sun ishe shi.

Kai mai sola ne, lissafin wuta ba baƙonka ba ne. Na'urar sanyi mai ƙarfin doki ɗaya tana jan wat 700 zuwa 900. Dare guda za ta sha abin da ya kai batir huɗu ko biyar na lithiyam masu 100Ah, tunda kowanne wat-awa 1,280 yake riƙewa. Rufin Hilux ba shi da filin faifan da zai mayar da wannan a yini. A bar ta. Amma fanka biyu masu bolt 12, fitilun LED, cajin waya da kwamfuta, da ƙaramin firji mai kwamfireso na lita 40, duk batir ɗaya na lithiyam mai 100Ah, irin da ake kira LiFePO4, da faifan wat 200 zuwa 300 za su riƙe su. Irin wannan batir bai fi kilo 13 ba, na ruwa mai girmansa kuwa ya kusa 30, kuma rabin abin da ke cikinsa kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba. Batirin gida daban, batirin tayar da mota daban. A haɗa su ta caja ta DC-DC, yadda injin zai riƙa cika na gidan idan ana tafiya, firji kuma ba zai taɓa zuƙe na tayarwa ba ka kwana a ƙauyen da babu mai tura ka. Fiyus a kusa da kan batir, waya mai kauri, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Girgizar hanyar burji tana cin bawon waya a hankali, daga nan gobarar mota take farawa. Goge ƙurar hunturu daga faifai kuwa ba sai na gaya maka ba.

Ruwa: mutumin da aikinsa fito da ruwa daga ƙasa bai kamata ya yi dakon lita 200 ba. Jarka uku masu lita 25 sun ishe ku sha da girki da alwala da ɗan wanka na kwana biyu zuwa uku. Jarka ta fi tanki ɗaya domin ana sauke ta a wanke, idan ɗaya ta fashe saura na nan, kuma ruwanta ba ya kai-komo a kwanar hanya kamar na tankin da ya yi rabi. Ka ware ɗaya ta sha kaɗai. Girki a waje, a kan murfin baya, da tukunyar gas ta kilo 6. A ɗaure ta a tsaye inda iska ke ratsawa ta ƙasa, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo kwanciya yake yi a ƙasan akwati. Na'urar kashe gobara ta zauna inda hannu zai kai ba sai an buɗe durowa ba. Gidan sauro dole ne ko da tantin yana da raga. Wanka da bayan gida, ɗan zagayen tamfol da ƙaramin shebur, nesa da rijiya da gonar mutane.

Kuɗin da ka so kashewa a ɗakin ƙarfe, tayoyi sun fi cancantarsa. Ka sayi sababbi masu ɗaukar kaya, waɗanda aka rubuta wa LT ko C. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ka duba kafin ka biya. Ƙayar aduwa da farar ƙaya ba sa raga wa kowa, mai faci kuma yana iya yin nisan kilomita 40, saboda haka safaya biyu, kayan faci na tsira, da famfon iska mai aiki da batir. A yashin Machina ko Yusufari, rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iska (psi) ya fi taka totur amfani, in an hau kwalta a mayar. Sai fanbel, tiyon lagireto, filtar mai da ta iska, fiyus, igiyar ja, da katako mai faɗi na ɗora jak. Filtar iska a riƙa kakkaɓe ta kowane mako da hunturu.

Game da fetur, tankinka yana cin lita 76 zuwa 80, da kaya zai kai ka wajen kilomita 500. A yankin da kake aiki wannan ya isa idan kana cikawa tun yana rabi. Jarka ɗaya ta ƙarfe ta wadatar. Tara jarkokin mai a bayan Hilux neman magana ne: a 2019 kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2021 kuma jihohi irin su Zamfara da Katsina suka hana sayar da shi a jarka saboda matsalar tsaro. Jami'in da ke shinge bai manta da wannan ba.

Wannan ya kawo mu ga kamannin motar. Ka san irin mutanen da ake dangantawa da Hilux a dajin ƙasar nan. Ka bar ta fara, ka rubuta sunan sana'arka da lambar wayarka a ƙofa da manyan baƙaƙe. Kada a yi mata fentin kore irin na soja, doka ta hana. Gilashi mai duhu yana bukatar izinin 'yan sanda, kuma ni ban ga amfanin jawo wa kai tambaya ba. Takardun mota, lasisi, da rasiɗin faifan sola da batir su zauna a jaka ɗaya. In za ka ƙetara ta Maigatari ko Kwangwalam, ka riƙe katin rigakafin shawara da inshorar ƙetare iyaka, ka kuma tambayi direbobin layin abin da ake nema a makon, domin tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 sharuɗɗa suna sauyawa.

Hotunan da ake gani a intanet na Turawan Ostireliya da Amurka suna kwana su kaɗai a tsakiyar daji, wannan ƙasarsu ce da halinta. Kai da la'asar ta yi ka kasance ka isa inda za ka kwana. Ka yi sallama da dagaci ko mai unguwa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, a nuna maka inda za ka tsaya, kusa da masallaci ko ƙofar fada. Wanda ya kawo wa gari ruwa ba ya rasa masauki, sau da yawa ma har da tuwo. Ka juya gaban motar ya kalli hanyar fita, makulli a wuri ɗaya kullum, kuma iyalinka su san sunan garin kafin ka kwanta.

Kafin ka sayi ko da bututu ɗaya, ka yi tafiyar mako biyu da katifa, gidan sauro, tamfol, jarka uku da kayan aikinka. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka nema ka rasa, da abin da ka ɗauko ba ka taɓa ba. Da ka dawo, kafin a sauke komai, ka sake hawa sikelin nan kai da yaronka a ciki, a auna tayoyin gaba daban, na baya daban, domin farantin ƙofar ya rubuta iyakar kowanne. Ka aiko mini da lambobin, daga su za mu san kaurin bututun da firam ɗin zai ɗauka da inda batir zai zauna.