Akwatin lasifika na gwanjo: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Malam, ina kaɗa jitar bes a bukukuwan 'yan'uwanmu a nan Jidda. Na ga akwati a kasuwar Haraj Sawarikh mai lasifika huɗu 'yan inci 10, an rubuta om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) a bayansa. Amfilifayata wat 300 ce a om 4. Za su dace?

Amsa: Ƙanena, za su dace, sai dai a om 8 ba za ka sami wat 300 cif ba, ƙarfin yakan sauko zuwa ɗan fiye da rabi. Ka haɗa wani mai om 8 daga baya, su biyun su zama om 4. Kada dai ka yi ƙasa da haka, zafi zai ƙona amfilifayar.

Ni lafiyar lasifikokin ta fi damuna. Cire ragar gaba, ka danna kowace a hankali da yatsu biyar. In ka ji ƙarar gurza kamar yashi a ciki, mai yiwuwa wayarta ta taɓa ƙonewa, bar akwatin kawai. Tafi da batir mai bolt 9, ka taɓa shi a wayar akwatin: duk huɗun su motsa waje guda. Na taɓa sayen wanda aka juya wa ɗaya waya, sautin ya fito siriri, na sha takaici.

Juya akwatin ka duba gindin, danshin Jidda yana kumbura katakon garin itace. Sannan ka roƙi mai kaya ya bari ka jona jitarka ta amfilifayarka, ka bugi tsirkiya mafi kauri da ƙarfi, ka saurara ko wani kusurwa yana karkarwa.