Gashin da aka dasa mini a goshi yana zuba, aikin ya lalace ke nan?

Ɗan'uwa, ka ce mako uku da yi maka dashe a gaban goshi, ga shi kana tsintar gashin a kan matashin kai. Kwantar da hankalinka, haka abin yake. Tsakanin mako na 2 da na 8 silin gashin yakan zube, amma saiwar tana nan daram a cikin fata, hutawa take yi. Sai wajen wata na 3 ko na 4 sabo zai fara leƙowa, siriri kamar na jariri, wani wuri ya riga wani. A wata na 6 za ka ga layin goshin ya fito. Cikar kaurinsa kuwa sai shekara, wasu ma har wata 18.

Abin da na fi jiye maka shi ne ƙuraje. Gashinmu murɗaɗɗe ne, wani silin kan lanƙwashe ya koma cikin fata. Don Allah kada ka matse su, kada ka sosa da farce. Ka guji hula mai matse goshi da zafin rana, wajen shafar kai a alwala kuma ka bi a hankali.

In ka ga mugunya, zazzaɓi, ko kumburi yana ƙaruwa, koma wurin likitanka ranar. Shi za ka tambaya kafin ka fara shafa minoxidil, wato maganin shafawa da ke taimaka wa gashi ya tsiro.