Filin Amsoshinku: Wa ya gina kotu a garin da babu kowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Don Allah wani hoto na gani yana ta yawo a Facebook, wani ƙaton bene na jan bulo a tsakiyar fili, ba mutane ba motoci sai 'yan kangaye a gefe, an rubuta wai tsohuwar kotun garin Belmont ce a Amurka. Ni dai abin ya ɗaure min kai, wa zai kashe kuɗi ya gina kotu haka a inda ba kowa? Ko dai hoton haɗi ne irin na kwamfuta? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam Malama. Ba haɗi ba ne, ginin yana nan tsaye har yau a jihar Nevada, yammacin Amurka, kuma lokacin da aka gina shi garin cike yake maƙil da jama'a, daga baya ne kowa ya kwashe nasa ya nasa ya tafi aka bar kotun ita kaɗai.

Azurfa ce ta kafa Belmont. A 1865 aka gano ta a duwatsun wajen, kafin ka ce kwabo mahaƙa sun yi ca, 'yan kasuwa sun biyo su, ga injinan niƙa dutse ga shaguna ga mashaya har da gidan jarida, a ƙiyasi mutanen garin sun kai wajen 2,000 a shekarun 1870, wanda a wancan zamanin a wannan hamadar ba ƙaramin gari ba ne. To ita gundumar da garin yake ciki, Nye, a 1864 aka ƙirƙire ta kuma hedikwatarta ta farko tana wani gari ne mai suna Ione. Da Belmont ta bunƙasa sai a 1867 aka ɗauke hedikwatar daga Ione aka kawo mata, Ione ta fara bushewa tun daga nan.

Abin da ya kamata ki gane shi ne a Amurka ginin kotun gunduma ba wurin shari'a ne kawai ba, kusan duk gwamnatin gundumar a cikinsa take. Alƙali yana ciki, ma'aji yana ciki, mai karɓar haraji, shugaban 'yan sandan gunduma da ɗakin tsare masu laifi, sai kuma ofishin da ya fi kowanne muhimmanci a garin mahaƙa, wato inda ake rajistar fili da ramin haƙa, don in ba a rubuta sunanka a wannan littafin ba to gobe wani zai iya zuwa ya ce ramin nasa ne. Shi ya sa duk garin da ya samu kotu ya samu lauyoyi, ya samu masu masauki da masu sayar da abinci, saboda mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki a kan doki don ya biya haraji ko ya ba da shaida, dole ya kwana ya ci ya sha a garin. Gundumar Nye fa faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 47,000.

A 1876 aka gama ginin da kika gani, sama da ƙasa, da 'yar hasumiya a tsakiyar rufin, bulon ma a nan yankin aka gasa shi. Ni a ganina sun ɗan makara, domin tun 1873 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta rage wa azurfa matsayi wajen buga kuɗi, farashinta ya kama sauka a hankali, ramukan Belmont kuma suka fara ja baya, zuwa ƙarshen shekarun 1880 yawancinsu an rufe. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garin ba. Kotun ce ta ci gaba da riƙe ɗan sauran numfashin garin, ma'aikatan gunduma da iyalansu da 'yan makiyayan da ke kewaye.

Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 1900 wani mutum mai suna Jim Butler, wanda shi kansa ya riƙe muƙamin lauyan gwamnati na gundumar a nan Belmont ɗin, ya tsinci dutse mai azurfa a wani waje kimanin mil 45 kudu maso yamma. Labarin da ake bayarwa wai jakinsa ne ya ɓata, garin nemansa ya ɗauki dutse zai jefe shi sai ya ji nauyinsa ya yi yawa, ni dai wannan ɓangaren na jakin ina ɗaukarsa a matsayin hira mai daɗi. Wani matashin lauya a Belmont, Tasker Oddie, shi ya taimaka aka auna dutsen aka ba shi kaso, wannan Oddie ɗin ne ya zama gwamnan Nevada a 1911. A wajen nan garin Tonopah ya tashi, jirgin ƙasa ya iso masa a 1904, a 1905 kuma aka ɗauke hedikwatar gunduma daga Belmont aka kai can. Kin ga 'yan gida ne ma suka buɗe ƙofar. Shekara 29 kacal kotun ta yi tana aiki.

Bayan nan an ɗan sake gwada haƙar wajen 1914, ba ta daɗe ba. Kuma dalilin da ya sa kika ga kangaye ba rufi, katako yana da tsada sosai a hamada, mai tashi sai ya kwance rufinsa da ƙofofinsa ya ɗora a keken doki ya tafi da su sabon gari, bango kawai ake bari. Ita kotun da yake ta gwamnati ce kuma ginin mai ƙarfi ne ba wanda ya rushe ta, sai dai ta yi shekaru a buɗe, duk wanda ya zo wucewa ya shiga ya rubuta sunansa da shekarar zuwansa a bango ko ya sassaƙa a jikin katakon ƙofa, rubuce-rubucen suna nan birjik har yanzu.

A 1972 aka sa Belmont cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar, a 1974 hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar ta karɓi kula da kotun aka gyara rufi don kar ruwa da dusar ƙanƙara su kayar da ita, daga baya aka mayar wa gunduma, yanzu masu sa kai ne ke tara kuɗin gyara suna kuma zagayawa da baƙi lokacin zafi. Garin bai mutu murus ba, akwai 'yan tsirarun da ke zaune, wasu kuma sai hutu suke zuwa. Hedikwatar Nye tana Tonopah har gobe, duk da cewa yanzu mafi yawan mutanen gundumar suna can kudu ne a garin Pahrump, kusa da Las Vegas.