Ɗan macijin da ya yi kama da tana

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan ruwan da aka yi da dare, na ɗaga randa a tsakar gida, sai na tarar da wani abu siriri mai ƙyalli, bai kai taƙi ɗaya ba, kuma ba a gane kansa da wutsiyarsa. Yara sun ce tana ce, surukata ta ce maciji ne mai kai biyu. Yana da dafi? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bisa kwatancenki, makahon maciji ne, irin wanda yake rayuwa a cikin ƙasa yana cin ƙwai da 'ya'yan gara da tururuwa, an fi ganinsa a waje idan ruwan damina ya cika raminsa. Kansa ɗaya ne, wutsiyar ce dungulmi kamar kan. Idan kika duba da kyau za ki ga jikinsa busasshe ne mai ƙananan ɓawo, yana kuma fito da ɗan harshe, alhali tana jikinta da danshi. Idanunsa ɗigo biyu ne da ba sa bambance komai sai haske da duhu. Ba shi da dafi, bakinsa ma bai isa ya kama fatar mutum ba. Ki share shi cikin bokiti da tsintsiya, ki kai shi gindin itace.

Abin da ya dame ni shi ne kada yara su ɗauka cewa duk ƙaramin maciji haka yake. Kububuwa da wuya ta wuce santimita 60, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a Afirka ta Yamma; tana da zane a baya, kuma idan ta ji tsoro takan naɗe ta goga ɓawonta, a ji ƙara kamar ruwa ya zuba a man da ya yi zafi. Akwai kuma wani baƙi mai ƙyalli da yake zaune cikin ƙasa, ya fi naki kauri da tsawo, wanda yake sara ta gefen baki ko da an riƙe shi a wuya. Saboda haka ki hana kowa ɗaukar maciji da hannu.

Idan an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A cire zobe ko awarwaro, a hana wanda aka sara yawan motsi, a kai shi asibiti nan take ko da bai ji zafi ba, domin zubar jinin da dafin kububuwa yake haddasawa kan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana.